Ɗakin Ƙarshe a Kan Dutsen Buza

"Duba taga," in ji mai masaukin, ya doki katakon da tafin hannu sai da ya buɗe. "Ga iska, ga wutar kuran, ga fanka, ga pampo tsakar gida. Mi mutum ka nema bayan wanga?"

Sufyanu ya leƙa. Tagar tana fuskantar bayan tashar Buza, daidai inda wani kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya yana zubar da baƙin hayaƙi ana yi masa lodin awaki. 'Yan kamasho suna ta kiran Tawa da Madawa kamar maƙogwaronsu zai tsage, wani mai cajin waya kuma ya ƙure rediyonsa. A hoton da aka turo masa, ta cikin wannan tagar dutse ake hangowa, kore shar, babu ko akuya ɗaya.

"Ina dutsen da na gani a hoto?"

"Yana nan inda Allah ya aje shi. Bari kamiyo ya tashi ka gan shi." Mutumin ya karkata kai yana ƙare masa kallo. "Wai malam, hular ga ta babur da ita anka haihe ka? Cire mana ka sha iska. Muryarka ma kamar na san ta. Ɗan gidan wa?"

"Baƙo ne ni," in ji Sufyanu, ya riga ya kai bakin ƙofa.

Tun da ya shigo Buza da hantsi bai cire hular ba. Zufa tana bin bayan kunnensa tana gangarawa cikin riga, amma ya gwammace hakan da wani ya ga fuskarsa. A garin nan Kawu Dauda yake, yayan mahaifiyarsa, mai unguwa, mutumin da ko kaza ce ta ɓata a Buza sai an kai masa labari kafin la'asar. A ce ɗan ƙanwarsa ya zo garin ya kama ɗakin haya? Ai gara ya tsaya tsakiyar kasuwa ya yi shela cewa kawun nasa ba shi da tabarmar shimfiɗa wa baƙo. In Kawu ya ji, da kansa zai zo ya kwashi kayansu ya kai gida, kuma babu bakin da zai ce masa a'a.

Ga shi kuwa saboda matarsa Zulaiha ake wannan wahala. Wata biyu ke nan da suka dawo daga asibitin mishan ba jariri, karo na uku. Tun ranar gidansu na Madawa bai sake zama babu mutane ba. An yi arba'in, mahaifiyarta ta koma Urno, amma 'yan jaje ba su yanke ba. Abin haushin shi ne kowa da alheri yake zuwa, wa za ka kora? Wannan da kwanon fura, waccan da ƙullin sassaƙe, wata kuma da labarin maƙwabciyarta da ta yi ɓari bakwai kafin ta haifi tagwaye. Zulaiha sai ta tashi zaune, ta ja mayafi, ta yi ta amsawa da alhamdulillahi har muryarta ta dushe. Ta rame, ba ta barci. Makon jiya ya tarar da ita tsaye a madafa da muciya a hannu, tuwo yana ƙonewa a gabanta ba ta ma ji ƙaurin ba.

Madam Naomi, ungozomar da ta karɓi haihuwar, ita ta ja shi gefe ranar da suka koma awo. Ta ce jikin ya warke, abin da ya rage ba a sayar da maganinsa a famasi. Ya kai ta wani wuri ko na kwana huɗu ne, inda ba wanda ya san ta, kuma kada su yi nisa da asibiti. Ta juya takardar magani ta rubuta masa a baya: Marta, kan dutse, Buza. A gida ya shaida wa kowa jibi zai kai Zulaiha Tawa a yi mata wani bincike. Ke nan in aka gan su a Buza, ga cin fuskar Kawu, ga ƙarya a kai.

Wani da kai tsaye zai wuce inda aka kwatanta masa. Ban da Sufyanu. Shi mutum ne da ko tumatir zai saya sai ya kife kwandon ya ga na ƙasa. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da lissafi a koleji, idonsa ya saba ganin satar amsa har inda ba a yi ba. Ya ce sai ya duba wurare uku tukuna ya zaɓa, na tasha shi ne na farko.

Na biyu gidan saukar ma'aikata ne can gefen gari, an yi masa farin fenti, ga darbejiya uku sun yi inuwa, shiru kamar ba kowa. Har ransa ya fara kwantawa. Yana shirin kashe babur sai ga mai gadi ya fito daga bayan ɗaki da buta a hannu, yana ɗaure tazuge. Sufyanu ya gane shi nan take. Mijin Sakina ne, ɗiyar Kawu ta biyu, wanda suka ci abinci kwano ɗaya da shi ranar sallar layya. Bai tsaya ko sallama ba, ya juya kan babur ya murɗa wuta, mai gadi ya bi shi da kallo baki buɗe.

Saura wurin Marta.

Hanyar dutsen ruwan damina ya ci ta ya bar ramuka, rabinta da ƙafa ya tura babur yana haki. Da ya kai sama ya waiwaya, sai ga Buza can ƙasa ta ƙanƙance, gero ya kewaye ta ya fara fitar da kai. Ɗakunan na dutse ne da rufin shuci, wani porje, shirin dashen itace, ya gina wa ma'aikatansa shekarun baya, da ya tashi ya bar su. A gaban wata rumfa wata doguwar tsohuwa tana shanya zanen gado a kan igiya, tabarau a fuska an ɗaure hannunsa ɗaya da zare.

Ya yi sallama. Ta amsa ba ta daina abin da take yi ba.

"Cire hular, ɗana. Nan ba mai ganinka."

Maganar ta tsaya masa a rai. Me ya sa ta faɗi haka? Ashe dai masu zuwa nan duk marasa son a gan su ne? Ya cire hular a hankali, iska ta doki jiƙaƙƙen kansa, amma bai ji daɗinta ba.

"Madam Naomi ta turo ni. Ɗaki nake so, kwana huɗu, daga jibi."

"Tau. Biyo ni."

Ta buɗe masa na farko, da na biyu, da na uku. Ya ɗaga katifa ya duba ƙasanta, ya shinshina matashi, ya ware gidan sauro yana neman huji, ya ɗaga kai yana bin rufin ko zai ga inda haske ke shigowa. Bai sami komai ba, wannan ma ya ba shi haushi. Tsaf suke, an share an yayyafa ruwa, kowanne da randarsa da moɗa a kai. Aibinsu ɗaya: ƙofofinsu gari suke kallo, kuma ta gabansu wata siririyar hanya ta bi, ga sawun jakuna da na mata masu zuwa itace.

Marta tana tsaye bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ba ta tambayi sunansa ba, ba ta tambayi garinsu ba, ba ta ce ɗan gidan wa ba. Tun safe yake gudun wannan tambaya, yanzu da ba a yi masa ita ba sai hankalinsa ya ƙara tashi. A duk ƙasar Adar ina aka taɓa ganin tsohuwar da za ta tsaya da baƙo rabin sa'a ba ta nemi sanin kakansa ba? Ko dai ta riga ta gane shi, ko kuma sana'arta ce rashin tambaya.

"Inna, ba ki tambaye ni ko wane ne ni ba."

"In kana so ka hwaɗi."

Da suka fito ya hango ƙarshen wani rufi a bayan wani ƙaton dutse, can nesa da sauran.

"Wancan fa?"

"Na huɗu ne. Da mutum ciki."

"Ina ƙofarsa take kallo?"

"Arewa. Kwari ne gabanta, ba hanya."

Shi ke nan, ɗakin da yake nema ke nan tun safe. "Yaushe mai shi zai tashi?"

"Ban tambaye shi ba."

Ta koma rumfarta. Shi kuwa ya ce zai ɗan zaga ya ga wuri, idonsa ya shiga aikin da ya saba. A gindin wata bagaruwa ya ga babur an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, har lambar an rufe da buhu, an danne da dutse. Wa ke rufe lambar babur saboda rana? Bayan bagaruwar ga wata hanyar ƙafa ta gangara ta bayan dutse, ba ta gari ba. Yana nan tsaye Marta ta wuce da kwano a rufe cikin faifai, ta zaga bayan ƙaton dutsen, ya ji ta ajiye, ta ƙwanƙwasa sau biyu da tsakuwa, ta dawo ba sallama ba magana.

Nan fa labaran da abokan aikinsa ke yi a ƙarƙashin bishiyar lakwal, wato makarantarsu, suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Gidajen bayan gari, inda masu manyan riguna ke ajiye mota nesa su ƙarasa da ƙafa. A ce gobe wata mai itace ta ga Zulaiha a nan, ta kai gari, gari ya kai Madawa, a ce matar mushe Sufyanu, malamin koleji, ta kwana huɗu a irin wannan gida? Matar da ko a tsaye ba ta iya daɗewa, a ƙara mata da wannan?

Wayarsa ta yi ƙara. Zulaiha ce.

"Ka samu?" Muryarta ƙasa-ƙasa, da alama daga makewayi take magana. Yana jiyo hayaniyar mata a bayanta.

"Ina kan dubawa. Kin ci abinci? Kin sha maganin? Wa ke gidan?"

"Gwaggo Rahinatu ta zo da wata mata daga Azarori, wai tana duba ciki da hannu. Sun ce in zo in kwanta." Ya ji tana jan numfashi. "Sufyanu, ko ina ne. Wallahi ko rumbu ne."

Wani ya kira sunanta daga nesa, wayar ta katse.

Ya daɗe yana kallon wayar. Tausayinta ya cika shi, haushin kansa kuma ya fi tausayin. Ya nufi rumfar ya tsaya kan Marta, tana zaune tana tsinke zogale a cikin ƙwarya.

"Inna, ki gafarce ni, magana zan yi ba kwana-kwana. Matata zan kawo, matar aure, ba ta da lafiya. Su wa ke zuwa gidan nan?"

Ta ajiye reshen zogalen. Ta cire tabarau ta goge da gefen zane ta mayar, sannan ta dube shi tun daga takalmi har kai.

"Shekara ashirin da biyu na yi ina wanke zanen gadon marasa lahiya a asibitin da anka turo ka daga can. Hannun ga ba abin da bai taɓa ba. Da tsuhwana za ka hau dutse ka tambaye ni ko gidan banza nike riƙo?"

"Ban ce haka ba."

"Ka ce, da idonka. Tun ɗazu nike ganinka kana shinshinar wuri kamar jandarma." Ta ja ƙwaryar gabanta. "Mutane ka zuwa. Waɗanda sunka gaji."

"To wane ne a na huɗu?"

"In na hwaɗa maka nashi yau, gobe in hwaɗa ma wani naka. Wanne kake so?"

Maganar ta yi daidai, shi ya sa ma bai yarda da ita ba. Ai duk mai abin ɓoyewa yana da irin wannan amsa a shirye. Ya duba rana, ya ce azahar ta yi, ko za ta ara masa buta. Ta nuna masa da haɓa.

Ya yi alwala, ya yi salla a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, Allah dai ya karɓa, don rabin zuciyarsa tana bayan ƙaton dutsen can. Da ya sallame ya ga Marta ta shiga madafa. Ya bar takalminsa inda yake, ya bi ta gefen dutse yana taka tsakuwa a hankali, malamin koleji guda, mai shekara talatin da takwas, yana sanɗa kamar ɓarawon kaji.

Kwanon yana nan bakin ƙofa ba a taɓa shi ba. Daga ciki murya ke fitowa ƙasa-ƙasa, sai kuma aka sheƙe da dariya, dariyar mutum fiye da ɗaya. Ya gyaɗa kai. Ai dama ya faɗa! Har ya juya zai tafi, sai ya ji maganar ta sake farawa, aka sake yin dariyar, iri ɗaya sak, a daidai wurin da aka yi ta farko. Ya tsaya ya kasa kunne.

"Baba, mun iso Agadas lahiya lau. Kai, ku bari mana, da tsohona nike magana! Baba, gobe da sahe za mu shiga mota. Can ba rezon waya, kada ku damu in kun ji shiru. In na sauka ni kira. A gaida Inna."

Shiru. Sai kuma daga farko. "Baba, mun iso Agadas lahiya lau."

Sufyanu ya san muryar nan, shi ya koya wa mai ita hawan keke. Hafizu ne, autan Kawu Dauda, wanda ya tafi cirani arewa shekara uku da suka wuce, daga saƙon nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ƙofar a buɗe take rabi, saboda ba mai bi ta nan sai iska. A ƙasa, jingine da gado, wani tsoho ne zaune da 'yar shara, ba rawani, ba hula, kansa fari fat. Ya riƙe waya da hannu biyu kusa da kunne, gemunsa ya jiƙe sharkaf. Tun da Sufyanu ya zo duniya bai taɓa ganin tsakiyar kan kawunsa ba sai yau.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake: ya ja da baya yadda ya zo, ya ɗauki takalminsa, ya mutu da abin a cikinsa. Ya san haka sarai. Amma jikin da aka rena a gidan Adar ba ya ganin kawu ya wuce. Kafin hankalinsa ya dawo gwiwoyinsa sun riga sun kai ƙasa, bakinsa ya riga ya buɗe.

"Salamu alaikum. Kawu, ina wuni?"

Wayar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma. Tsohon ya ɗago jajayen idanu. Hannunsa ya shiga lalube a kan gado yana neman hula, bai same ta ba, ya haƙura. Ya share fuska da tafin hannu, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin wadda yake yi a zaure.

"Wa alaikumus salam. Sufyanu ne? Kun wuni lahiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Ina gajiya? Ina mutan Madawa? Ina uwarka?"

"Duk lafiya. Suna gaisuwa."

"Ya damina? Ruwa ya samu wajenku?"

"Alhamdulillahi."

Suka bi gaisuwar har ƙarshenta, ba su tsallake ko ɗaya ba, kowa yana kallon tabarma. Iska ta kaɗa ƙofar ta yi ƙara.

"Gida sun san ina Kaita wurin taro," in ji Kawu a ƙarshe, ba tare da ya dube shi ba.

"Mu ma gida sun san jibi za mu Tawa."

"Ku da wa?"

Ba gudu kuma. Sufyanu ya faɗa masa, a gajarce, kansa a sunkuye, yana kewaye kalmomin da ba a faɗa gaban babba. Bai gama ba ya ga kafaɗun tsohon sun miƙe, mai unguwa ya dawo cikin 'yar shara.

"Ɗakin haya? Garin da nike da rai? Sufyanu, mi na yi maka? Ka kawo ta gida. Ga gwaggwanninka, ga 'yan'uwanka mata, su kula da ita, ko tsinke ba ta ɗauka."

Shekara talatin da takwas bai taɓa mayar wa mutumin nan magana ba. Amma muryar Zulaiha daga makewayi tana kunnensa.

"Kawu, ka yi mini gafara. Ba zan kawo ta ba."

"Mi ka ce?"

"Gidanka mutum talatin ne, kuma duk suna sonta. Da asuba za su fara shigowa. Za ta tashi zaune ta ja mayafi. Abin da na ɗauko ta daga gare shi ke nan."

Ya jira tsawa. Ya ga jijiyar wuyan tsohon ta tashi, ya ga leɓensa yana motsi. Sai idon Kawu ya sauka kan wayar da ke kife a tabarma, ya daɗe a can. Da ya sake magana muryar ba ta zaure ba ce.

"Ni na hana uwar Hafizu kuka. Na tara gida na ce ba a yi ma mai rai kuka, duk wadda na ji ta bar mani gida. Sun bi maganata, shekara uku." Ya ɗauki wayar ya share fuskarta da babban yatsa. "Kullum zaure cike. Wanga gona, wancan aure, wani an ci mashi iyaka. Kowa ni yake kallo. Duk wata ina zuwa nan kwana biyu. Matar can ba ta taɓa tambayata mi nike yi ba."

Kunya ta rufe Sufyanu har ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Jibi ka ce?"

"Jibi, Kawu."

"Gobe da sahe ni sauka, in bar maku ɗakin. Ƙahwar gadon ga ɗaya gajeruwa ce, akwai dutse ƙasanta, kada ku ɗauke. In hadari ya taso daga gabas ku janye tabarma daga lungun can. Kuma kada ku bi ta gari. Ku ɗauko hanyar Deule, wurin rijiya ku hau ta baya." Ya juya fuska wajen kwarin. "Kada ka kawo ta gaishe ni. In kun gama ku wuce gida. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi da baya-baya, ya ja ƙofar yadda ya same ta. Yana zagayo dutsen ya yi kiciɓis da Marta, tsaye, takalminsa a hannunta. Ta jefa masa su gaban ƙafa.

"Shekara tara ina riƙe da wurin ga, ba wanda ya taɓa zagaya dutsen nan sai kai. Da alwalarka!"

"Inna, na yi kuskure."

"Ka yi. Wanda ya leƙa mani baƙo ba ni ba shi ɗaki. Ɗauki hularka."

Ya hango kansa yana komawa Madawa, yana shiga gidan da ke cike da mata, Zulaiha tana ɗago ido ta dube shi. Ya durƙusa a kan tsakuwa gaban tsohuwar, bai damu da wandonsa ba.

"Ni na yi laifi, ba ita ba. Ita ko sanin wurin nan ba ta yi ba. Don Allah, Inna."

Marta ta dube shi ta saman tabarau. Can ta ja tsaki.

"Naomi ta kira ni tun shekaranjiya, na san abin da ya samu yarinyar. Ita zan ba na huɗu. Ita kaɗai."

"Ita kaɗai? Ni fa?"

"Kai na hwarko, can bakin hanya. Abincinta ni ka kai mata. In tana son ganinka ta san inda kake, ƙahwa gare ta. Amma ka taka bayan dutsen ga ba ta kira ka ba, ranar za ku sauka."

"Inna, mijinta ne ni. In wani abu ya same ta cikin dare fa? In ba ta ci ba? In ta..."

"Ka gani? Tun ba ta zo ba ka hwara." Ta juya ta nufi rumfarta. "Ka yi shawara. Ni zogalena ka jirana."

Ya sa takalmi ya koma gindin bagaruwa. Ransa ya sosu ƙwarai. Shi da ya yi wata biyu bai runtsa ba sai ta runtsa, shi da ke tashi sau uku ya taɓa goshinta, yau shi ake ware wa ɗaki a bakin hanya kamar ɗan jaje? Ya tabbata Zulaiha ba za ta yarda ba. Ya kira ta don tsohuwar ta ji da kunnenta.

Sai da ta kusa katsewa ta ɗauka.

"Na samu," ya ce. "A kan dutse, ba kowa, ƙofar kwari take kallo. Sai dai mai wurin ta kafa wani sharaɗi. Wai ɗaki biyu. Ke ɗaya, ni ɗaya can nesa. Wai ba zan zo inda kike ba sai kin kira ni."

Ya jira ta ce haba, wane irin abu ne wannan.

Ya ji ta saki wani dogon numfashi, irin wanda bai ji daga gare ta ba tun kafin asibiti.

"Na gode, Sufyanu," ta ce. "Allah ya saka maka." Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara rage murya. "Ƙofar tana da sakata daga ciki?"

Abin ya soke shi, ya ji shi har ƙasan zuciya. Ya rufe wayar da tafin hannu ya ɗaga murya wajen rumfa.

"Inna, wai ɗakin yana da sakata daga ciki?"

"Da ita," in ji Marta, ba ta ɗago daga ƙwaryarta ba.

Ya mayar da wayar kunne.

"Akwai," ya ce. "Ki haɗa kayanki."